Wasiƙa Daga Greensboro: An Yi Wa Jirgi Gada, Mai Shara Bai Samu Bas Ba



Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kowa da kowa yana cikin ƙoshin lafiya, na Kano da na Zariya da mutanenmu na Maraɗi, manya da yara. Ni ma nan lafiya ƙalau sai godiyar Allah, karatu yana ta tafiya a hankali. Waɗanda suka aiko suna cigiyar wasiƙar watan jiya su yi haƙuri, aikin makaranta ne ya riƙe ni. Ta yau kuwa ina gargaɗinku tun daga farko cewa da ɗan zafi zan rubuta ta, domin maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Maganar ita ce ta hanyar zuwa filin jirgin sama. Na san Yaya zai ce, yanzu duk matsalolin duniyar nan ka rasa wadda za ka ɗauko sai wannan? Ku dai biyo ni. Abin da nake son nuna muku shi ne, filin jirgin garin nan da dukiyar jama'a aka gina shi, da gumin talakawa yake tafiya dare da rana, amma ƙofarsa an yanka ta ne daidai faɗin mota. Wanda ba shi da mota, fasinja ne ko ma'aikaci, sai dai ya san dabarar da zai yi. Kuma wannan abu ba daga sama ya faɗo ba. Akwai masu zama su yanke inda kuɗi zai tafi, kuma shekara da shekaru ga inda suke tura shi.

Bari in fara kwatanta muku wurin. Greensboro gari ne mai mutum kusan 300,000 bisa ƙidayar 2020, shi ne na uku a girma a jihar Karolina ta Arewa, bayan Charlotte da Raleigh. Filin jirgin yana yamma da gari, kamar mil 10 daga tsakiyar birni, ku ɗauka kamar daga birnin Zariya zuwa Samaru ko ya ɗan fi. Sunansa Piedmont Triad, kuma garuruwa uku ne suka yi tarayya a kansa: Greensboro da High Point da Winston-Salem. An liƙa masa kalmar "na ƙasa da ƙasa" a suna, amma duk wanda zai tafi gida a cikinmu ya san sai ya sauka a Atlanta ko Niyok ko wani babban gari kafin ya ga jirgin da zai tsallaka teku. A ƙarshen 2017 ma hukumar filin ta yanke shawarar sauya masa suna, jama'a suka yi ca a kanta, ta janye. Na so a ce an yi irin wannan ca ɗin a kan abin da zan faɗa yanzu.

Mai mota daga tsakiyar gari minti 15 zuwa 20 ya ishe shi ya tsaya a bakin ƙofar shiga. Titi ne shimfiɗaɗɗe, babu rami, babu go-sulo. To amma ɗauki mutumin da ke zaune a gabashin gari, a unguwannin da ke kewaye da jami'ar A&T, kuma ba shi da mota. Zai fara shiga bas ɗin birni, na hukumar GTA, ya kai shi tashar Galyon da ke tsakiyar gari, wato tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1927 da aka gyara. Can zai sauka ya jira bas ɗin wata hukumar daban mai suna PART, wadda aka kafa a 1997 domin haɗa garuruwan yankin. Shi kuma wannan zai kai shi wata tasha da ake kira Coble, a gefen filin jirgin, inda za ka ji ƙarar jirage a kanka amma ba ka iso ba. Nan ma sai ya sauka ya nemi ƙaramar mota ta uku, ita ce za ta ƙarasa da shi. Mota uku, hukuma biyu, jira biyu, ga akwati a hannu in fasinja ne. Tafiyar minti 20 sai ta cinye sa'a ɗaya da rabi, in ma an yi sa'a babu wadda ta kuɓuce masa. In ya ce bari ya taka ragowar da ƙafa, titunan da ke shiga filin manyan hanyoyi ne na gudu, ba a yi su domin mai sawu biyu ba.

Wannan fa da rana tsaka ke nan, a ranar aiki. Jiragen farko a nan suna tashi ne tun wajen ƙarfe 5 zuwa 6 na asuba, domin su riski manyan jirage a Atlanta da Charlotte. Wanda zai shiga irin wannan jirgi dole ya iso tun ƙarfe 4 da wani abu. Wanda zai karɓi akwatinsa, da wanda zai dafa masa kofi, da wadda za ta goge tabarmar da zai taka, su kuma dole su riga shi isowa. A wannan lokaci babu bas ko ɗaya a kan hanya. Haka in jirgi ya yi latti ya sauka bayan sha biyun dare. Ƙarshen mako kuwa zirga-zirgar sai ta ƙara tsukewa, alhali filin jirgi bai san Asabar ba, bai san Lahadi ba, bai san Kirsimeti ba.

To a nan ne mutane suke kuskuren fahimtar maganar. Da ka ce filin jirgi, hankalin kowa sai ya tafi kan mai kwat da jaka mai taya, sai a ce ai wanda ya iya sayen tikitin dala 400 ba zai gaza biyan tasi ba. Fasinja mai yawan tafiya sau nawa yake zuwa filin jirgi a wata? Biyu, uku. Ma'aikaci kuwa sau 5 ko 6 a mako, zuwa da dawowa. Shi ne ainihin mai bin hanyar. Kuma ku sani, mafi ƙarancin albashi a jihar nan dala 7.25 ne a awa, tun 2009 bai motsa ba. Motar haya irin wadda ake kira ta waya, daga gabashin gari zuwa filin, a abin da na saba gani ba ta kasa dala 20 zuwa 30, da asuba ma takan fi. Ku yi lissafin da kanku. Ko da mutum yana karɓar ninki biyu na wancan ƙaramin albashi, zuwa da dawowa ya cinye masa kusan rabin aikin yini. Kuɗin bas kuwa, na birni bai kai dala 2 ba, na PART bai kai 3 ba. Bambancin da ke tsakanin waɗannan alƙaluma guda biyu shi ne bambancin da ke tsakanin karɓar aiki da haƙura da shi.

Ku da ke gida na san abin da kuke ji, wai a Amurka ko mai wanke-wanke yana da mota. Gaskiya ne da yawa suna da ita, amma ku tambayi dalili. Ba wadata ba ce, tilas ce. Mutum zai ci bashi da ruwa mai tsada ya sayi tsohuwar mota, ya biya inshora wata-wata, ya zauna cikin fargabar ranar da injin zai buga, domin ranar da motar ta tsaya ranar aikin ma ya tsaya. Ƙungiyar masu motoci ta AAA ta ƙiyasta a 2024 cewa riƙe sabuwar mota yana cin sama da dala 12,000 a shekara, in aka haɗa mai da inshora da gyara da faɗuwar daraja. Tsohuwa ba ta kai haka ba, amma ita kuma kullum tana wajen bakanike. Duk da wannan tilas ɗin, kusan gida 8 cikin 100 a ƙasar nan ba su da mota ko ɗaya. Sannan ga wani abin da ba a cika faɗa ba: malaman shari'a na jami'ar Duke sun bincika sun gano cewa sama da mutum miliyan 1 a jihar nan an dakatar da lasisinsu na tuƙi, ba don tuƙin ganganci ba, sai don sun kasa biyan tara ko ba su halarci kotu ba. An karɓe lasisinka saboda ba ka da kuɗi, ba za ka samu kuɗi ba sai ka je aiki, ba za ka je aiki ba sai ka yi tuƙi. Gaba kura baya sayaki.

Sai kuma mu baƙi. Garin nan cike yake da 'yan ci-rani da 'yan gudun hijira. 'Yan Nijar suna da yawa ƙwarai a nan, har ka shiga wani kantin ka ji ana ciniki da Hausa da Zabarmanci kamar kana Yamai. Ga 'yan Sudan, ga 'yan Kwango, ga mutanen tsaunukan Biyetnam da suka fara zuwa tun shekarun 1980. Sabon zuwa ba shi da lasisi, ba shi da mota, kuma irin aikin da yake fara samu shi ne na ɗakunan ajiyar kaya da otal-otal da kamfanonin da suka kewaye filin jirgi. Abin da yake ceto mutanenmu shi ne zumunci. Wani zai tashi ƙarfe 3 na dare ya kwashi mutum huɗu ya sauke, ya koma ya kwanta awa ɗaya ya tashi nasa aikin. Mu ɗalibai ma haka ne, duk farkon zango wayar mai mota ba ta hutawa, je ka ɗauko wane, kai wance. Ana yi don Allah, kuma Allah Ya saka. Amma ni dai ina ganin abin kunya ne gari ya jingina aikin hukuma a kan kunyar maƙwabci. Wanda ba shi da kowa fa? Matar da ba ta son shiga motar namijin da ba ta sani ba da tsakar dare fa?

Yanzu mu zo kan kuɗi, domin amsar da ake bayarwa kullum ita ce babu kuɗi.

A 2009 kamfanin FedEx ya buɗe babbar cibiyarsa ta rarraba kaya a filin nan. Saboda shi aka gina titin tashin jirage na uku, wanda aka buɗe a 2010, har sai da aka karkatar da babban titin Bryan daga inda yake domin a samu fili. Kamfanin Honda a nan yake ƙera ƙananan jiragensa. A watan Janairun 2022 kamfanin Boom ya bayyana cewa a nan zai kafa masana'antar jirgin da ya fi sauti gudu, majalisar jiha ta ware sama da dala miliyan 100 domin gyara masa wuri. A watan Yunin 2025 kuma kamfanin JetZero ya yi alkawarin zuba dala biliyan 4.7 da ɗaukar ma'aikata 14,500, aka yi ta buga ganga cewa ba a taɓa yin alkawarin aiki mai yawan wannan ba a tarihin jihar, aka kuma yi masa tanadin rangwame da tallafi na maƙudan kuɗi. A 2023 aka kammala titin zobe da ya kewaye garin baki ɗaya bayan shekaru ana yi. Sannan ga wanda ya fi tsaya mini a rai: an gina gada a saman babban titin I-73, ba don mutane ba, ba don motoci ba, don jirgin sama ya taka ya tsallaka zuwa sabon filin da aka tanadar wa kamfanoni. Wallahi ranar da na fara bi ta ƙarƙashinta aka gaya mini amfaninta, sai da na yi dariya. Jirgi mai fukafukai an tausaya masa an yi masa gada kada ya sha wahalar tsallaka titi. Matar da za ta share cikinsa kuwa har yanzu tana canjin mota uku.

Ba na adawa da waɗannan kamfanoni, kada a fahimce ni a baibai. Garin nan ya sha wuya da masaƙu da kamfanonin taba da na kujeru suka durƙushe, yana bukatar aiki. Tambayata ita ce, aikin na wa? An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Harajin da aka yi gadar da shi, da wanda za a yi wa JetZero rangwamensa, kowa ya zuba, har da mai sayen burodi a gabashin gari. In aka ajiye guraben aiki dubu goma sha huɗu a wurin da sai mai mota ke iya zuwa, to an riga an tace masu nema tun kafin a buɗe takardarsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma wani sirri da ya kamata ku sani game da filayen jiragen Amurka. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu shi ne wurin ajiye motoci da kuma kason da kamfanonin hayar mota ke biya. Kowace mota da aka ajiye kwana biyar kuɗi ne a aljihun filin. Kowane fasinja da ya zo a bas kuwa bai bar ko sisi a nan ba. To ka ga ke nan mai wurin fakin ba zai tashi da asuba yana addu'ar Allah Ya kawo bas mai kyau ba. Ba na cewa mugunta ce, lissafi ne kawai, kuma lissafin yana kallon gefe guda. Abin dariyar ma shi ne, hukumar PART ɗin kanta, babban abin da take dogaro da shi a nan yankin shi ne harajin kashi 5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan hayar motoci. Wato bas ɗin talaka ba ya samun mai sai masu hali sun yi hayar mota da yawa. In ya yi kyau har ya janye musu kwastomomi, ya sare reshen da yake zaune a kai.

In ka matsa musu sai su ce dokar tarayya ta hana a kashe kuɗin filin jirgi a wajen harkar filin jirgi. Dokar tana nan, gaskiya ne. Amma a Boston, tun 2012 bas ɗin da ke tasowa daga filin jirgin Logan zuwa cikin gari kyauta ne, kuma hukumar filin ce ke sa kuɗinta a ciki, ƙarƙashin wannan dokar dai. A nan maƙwabtanmu Charlotte, tun 2009 akwai bas guda da ke tashi daga tsakiyar gari har bakin ƙofar filin, a kan kuɗin bas na yau da kullum. Atlanta jirgin ƙasa na cikin gari ya shiga filin jirginta tun 1988, Cleveland tun 1968. Za a ce waɗannan manyan garuruwa ne. To ai ni ma ban ce a haƙa rami a sa jirgin ƙasa ba. Bas nake magana, bas mai taya.

Sai hujja ta gaba, wai in an sa bas ɗin babu mai shiga, ga waɗanda ake da su nan suna yawo rabi babu kowa. Wannan ita ce ta fi ba ni haushi. Ka girka abinci babu gishiri, ka kawo shi bayan kowa ya yi barci, sannan ka ce mutanen gidan ba sa jin yunwa. Wa zai jingina aikinsa a kan motar da ba ta fitowa lokacin da ake bukatarsa a wurin aiki? Wanda ya gwada sau ɗaya ya makara, ba zai sake ba, zai je ya ci bashin mota. Daga nan sai a ƙirga shi cikin masu mota, a ce kun gani, kowa yana da mota. Kuma ban taɓa jin an ce a rufe titin zobe ba saboda ƙarfe 3 na dare babu kowa a kansa. Titi ba a tambayarsa riba. Bas kaɗai ake sa wa sikeli, shi ne ɗan bora.

Ba zai yiwu a yi wannan magana a Greensboro a tsallake batun launin fata ba, ko da mutanen nan ba sa son a tayar. Wannan shi ne garin da a ranar 1 ga Fabrairun 1960 ɗalibai huɗu baƙar fata na A&T, wato Ezell Blair da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond, suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth da aka keɓe wa Turawa, suka ƙi tashi. Kantin yanzu gidan tarihi ne tun 2010, 'yan mintoci kaɗan a ƙafa daga tashar Galyon. Dokokin wariya sun tafi, amma taswirar da suka zana tana nan. Gabas har gobe nan ne mafi yawan baƙar fata da masu ƙaramin ƙarfi suke, arziki da sababbin ayyuka kuma suna ta gangarawa yamma da arewa maso yamma, wajen filin jirgi. A da allo ake kafawa a ƙofa a rubuta waɗanda ba za su shiga ba. Yanzu ba a bukatar allo, jadawalin bas ya wadatar. Kada ku ce na yi zafi da yawa. A watan Disambar 1995, a kusa da birnin Buffalo, babbar mota ta take wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 17 tana ƙoƙarin tsallaka titi mai layi bakwai zuwa wurin aikinta a wani katafaren rukunin kantuna, raunin da ta samu ya zama ajalinta. Daga baya ta fito fili cewa masu wurin sun hana bas ɗin unguwarsu shiga harabar, alhali motocin 'yan yawon sayayya suna shiga. Inda bas ke tsayawa ba ƙaramar magana ba ce.

To amma fa, kada wani ya ɗauka duk abin da aka kira sufurin jama'a adalci ne. Ga misalin Oakland a Kalifoniya. Can akwai bas da ke kai mutane filin jirgi daga tashar jirgin ƙasa a kan dala 3. Sai hukuma ta ce za ta gina wani ɗan jirgin ƙasa na sama, mai tsawon mil 3 da 'yan kai, a kan kuɗi kusan dala miliyan 500, ya bi ta saman unguwannin talakawa ba tare da ya tsaya ya ɗauke su ba. Ƙungiyoyin unguwa suka kai ƙara bisa dokar 'yancin jama'a ta 1964, kuma a watan Fabrairun 2010 gwamnatin tarayya ta janye dala miliyan 70 daga aikin, domin ba a binciki yadda zai shafi marasa ƙarfi ba. Duk da haka aka nemo kuɗi a wani wurin aka gina, aka buɗe a 2014, kuɗin shiga dala 6. An kashe rabin biliyan an ninka wa mutane kuɗin mota. A Toronto ma da aka buɗe jirgin filin jirgi a 2015 sai aka sa tikiti dalar Kanada 27.50, kujeru suka yi ta tafiya babu kowa, a 2016 dole aka sauko da shi zuwa 12, nan take mutane suka cika shi. Ashe dama masu shiga suna nan, farashi ne ya kore su.

Wannan ne ya sa nake tsoron abin da muke kwaikwayo a gida. Mu a Kano mun yi sa'a, filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, tun zamanin da jirgin farko ya sauka a 1925 garin ya yi ta girma har ya haɗiye wurin. Ɗan adaidaita sahu zai kai ka kusa, ko da yake a bakin get zai ajiye ka ka ja kayanka. Duk wanda ya taɓa raka alhaji ya san cewa filin jirgi ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Tsohuwar da ta sayar da shanunta ta biya kujera, da mutum ashirin da suka biyo ta daga ƙauye don yin bankwana, su ma masu filin ne. Abuja kuwa irin ta Amurka aka yi, filin yana can kusan kilomita 40 daga gari, titi mai faɗi, get mai karɓar kuɗi, tasi mai tsadar tsiya. A watan Yulin 2018 aka buɗe jirgin ƙasa na cikin gari da ya isa har filin, wanda aka gina da bashin dala miliyan 500 daga Sin. A 2020 ya tsaya saboda korona, bai sake ɗaukar fasinja ba sai watan Mayun 2024. Ko da yake tafiya, bai je Nyanya da Karu da Mararaba ba, inda tururuwar ma'aikatan Abuja ke kwana. Bashin kuwa da su za a biya. A Yamai ma da za a yi taron Tarayyar Afirka a 2019, an sabunta filin jirgin Diori Hamani an shimfiɗa masa titi na musamman zuwa tsakiyar gari domin ayarin shugabanni. 'Yan uwana na Nijar su gaya mini ko an tuna da mai shiga faba-faba a cikin wannan lissafi. Kullum hanyar filin jirgi ana yin ta ne domin idon baƙo, ba domin ƙafar ɗan gari ba.

Mu dawo Greensboro. Abin da nake nema ba shi da wani ƙawa. Bas guda, babu canji, daga gabashin gari ya ratsa tashar Galyon ya bi titin Market har bakin ƙofar fasinjoji, ya zagaya ƙofofin manyan kamfanonin. Ya fara tun kafin ƙarfe 4 na asuba, ya kai har bayan jirgin ƙarshe, kwana bakwai a mako, a kan kuɗin bas na gari ba tare da ƙarin ko kwabo ba don an ambaci filin jirgi. Wanda ya sauko daga jirgin ƙasan Raleigh ko Charlotte a tashar Galyon shi ma ya samu abin hawa. Kuɗin kuma a fara nemansa daga inda ribar take: wurin fakin, da kamfanonin da aka yi wa rangwame. Kamfanin da jiha ta share wa fili bai kamata ya ji nauyin sa hannu a kuɗin motar ma'aikatansa ba, kuma tun wajen yarjejeniya ya kamata a rubuta hakan, ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma hanyar harajin sayayya na rabin kwabo domin sufuri, wanda gundumar Mecklenburg ta amince da shi a 1998, Durham a 2011, Orange a 2012, Wake a 2016. Gundumarmu ta Guilford ba ta bi sahu ba, masu zaɓenta ma sun sha yin watsi da ƙarin harajin sayayya ko da na makarantu ne. Ni kaina ba na ƙaunar irin wannan haraji, domin talaka ya fi jin sa a jika, shi ne ke kashe duk abin da ya samu a kanti. In har za a karɓa daga hannunsa, to bas ɗinsa ya zama na farko a layi, kafin a zo ga kowane irin ado.

Hukumar filin jirgin mutum bakwai ne, kuma majalisun garuruwan uku da na gundumomin Guilford da Forsyth ne ke naɗa su. Ke nan suna da iyayen gida, iyayen gidan kuma zaɓensu ake yi. Ni ba ni da ƙuri'a a ƙasar nan, bizar karatu gare ni, amma majalisar birni tana ba duk mazaunin gari minti uku ya tsaya ya yi magana a zaman sauraren jama'a, ba a tambayar fasfo. Na yi niyyar zuwa. Mutanenmu da ke nan Greensboro waɗanda ke karanta wannan, musamman masu aikin asuba da na dare a wajen filin jirgi, don Allah kowa ya rubuto mini ƙarfe nawa yake shiga aiki, ƙarfe nawa yake tashi, da nawa yake kashewa a mako wajen zuwa. Ba sai an sa suna ba. Waɗanda aka ba takardar zama ɗan ƙasa kuma, ku ne masu ƙuri'a, ku zo mu tafi tare, zan yi wa mai bukata tafinta.

A gaishe mini da Inna da Baba, da su Gwaggo, da duk yaran gida. Kawu, saƙonka ya iso, zan kira ranar Juma'a bayan an sauko, in Allah Ya yarda.

Wassalam. Naku a kullum, daga Greensboro.